Bin doka ba tare da kujera ba: sharhi kan littafin The Brussels Effect da ƙananan maƙwabtan Tarayyar Turai

Mai karatu, ɗauki wayarka ka duba ramin caja. Idan sabuwa ce, da wuya a ce ba irin ramin nan ba ne da ake kira USB-C, wanda ko ta wane gefe ka soka cajar za ta shiga. Wayoyin Android sun daɗe da komawa kansa, amma kamfanin Apple ya shafe shekara 11 yana kafewa a kan nasa ramin na daban. Sai a watan Satumba na 2023, da ya fito da iPhone 15, ya sauya. Kuma ba a Turai kaɗai ya sauya ba, ko'ina ne, har wadda za ka saya a Kano ko Maraɗi. Babban dalili shi ne a 2022 Tarayyar Turai ta yi doka cewa daga ƙarshen 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashenta sai da wannan ramin.

Ka ga ke nan an yi doka a birnin Brussels, hedikwatar Tarayyar, ta zo ta same ka har cikin aljihu, ba tare da gwamnatin ƙasarka ta sa hannu a ko'ina ba. Wannan lamari shi Anu Bradford, farfesar shari'a a Jami'ar Columbia da ke Amurka, 'yar asalin Finland, ta raɗa wa suna "tasirin Brussels". Ta fara kawo shi a wata maƙala a 2012, sannan ta faɗaɗa shi ya zama littafi a 2020 mai suna The Brussels Effect. Littafi ne mai kyau, kuma zan faɗi inda ya yi kyau. Amma akwai wani gurbi da ya bari, kuma gurbin a ƙofar gida yake: ƙananan ƙasashen da ke manne da Tarayyar amma ba sa cikinta.

Me littafin ke cewa?

Hujjar Bradford mai sauƙin ganewa ce. Tarayyar Turai ƙasashe 27 ne masu mutum kusan miliyan 450, mafi yawansu masu abin hannu. Babu babban kamfanin da zai so ya rasa wannan kasuwa. To idan Tarayyar ta tsaurara doka a kan sinadarai, ko abinci, ko bayanan sirrin mutane a intanet, kamfani zai bi. Da yake kuma ƙera kaya iri biyu, ɗaya na Turai ɗaya na sauran duniya, yana da tsada, sai ya ɗauki dokar da ta fi tsauri ya yi wa kowa aiki da ita. Daga baya kamfanin da kansa yakan matsa wa gwamnatin ƙasarsa ta yi irin dokar, don kada abokan gasarsa na gida su sha da sauƙi.

Ta ce abin ba ya faruwa sai sharuɗɗa biyar sun cika: kasuwa mai girma, hukumomi masu ƙwarewar tsara doka da hukunta wanda ya karya, niyyar tsaurarawa, abin da ake yi wa dokar ya zama ba ya iya guduwa wata ƙasa, sannan ya zama raba kayan gida biyu ba ya biya. Wannan shi ne ƙarfin littafin. Ta ba ka ma'auni da za ka iya gwadawa. Shi ya sa za ka gane dalilin da dokar kare bayanai ta GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, ta bazu a duniya, amma dokar kuɗi da jari ba ta bazu haka ba, domin jari yana da ƙafa, mai sayen sabulu kuwa yana nan inda yake.

Abin da take yawan jaddadawa shi ne Tarayyar ba ta tilasta wa kowa. Kasuwarta kawai take tsarawa, kasuwa kuma ta ƙarasa aikin. A nan ne na ja birki.

Auna zafin murhu daga zaure

A gaskiya Bradford ba ta ɓoye cewa akwai wasu hanyoyin da dokokin Tarayyar ke fita waje ba, irin su yarjejeniyoyi da sharuɗɗan shiga. Ta ambace su, ta ware su daga abin da take nazari. Ta kuma tattauna zargin da ake yi cewa wannan wani sabon salon mulkin mallaka ne ta hanyar doka. Amma nauyin littafin yana kan manyan kamfanoni da manyan ƙasashe na nesa, musamman Amurka.

Duk wanda ya taɓa tsara gwaji ya san haɗarin wannan. Idan ka zaɓi inda za ka ɗauki awo, to ka zaɓi rabin sakamakonka. Wanda ya tsaya a zaure ya auna zafin murhu zai rubuta cewa ɗumi ne mai daɗi, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai mai tuƙa tuwo ba za ta yarda da rahotonsa ba.

Nisa ba ƙaramin abu ba ne a ciniki. A 1962 Jan Tinbergen, ɗan ƙasar Holand wanda ya fara da karatun fiziks kafin ya koma tattalin arziki, ya aro tunanin Newton na ƙarfin jan da ke tsakanin abubuwa masu nauyi, ya nuna cewa ciniki tsakanin ƙasa biyu yana ƙaruwa da girman arzikinsu, yana raguwa da nisan da ke tsakaninsu. Har yau wannan lissafi yana daga cikin waɗanda suka fi dacewa da alƙaluma a fannin. Ma'anarsa a wurinmu ita ce: kamfanin Amurka zai iya zama ya yi lissafi, ya bi ko ya haƙura da kasuwar. Ƙaramar ƙasar da ke jingine da bangon Tarayyar kuwa, wadda rabin kayanta ko fiye can yake tafiya, ba ta da wannan zaman lissafin. Bari mu duba uku daga cikinsu.

Norway: ana biya, ana bi, ba a zaɓe

Sau biyu mutanen Norway suna ƙin shiga Tarayyar a ƙuri'ar raba gardama, a 1972 da 1994. Amma ƙasar tana cikin yarjejeniyar Yankin Tattalin Arzikin Turai, wato EEA, wadda ta fara aiki a 1994, tare da Iceland da Liechtenstein. Yarjejeniyar ta shigar da su kasuwar bai-ɗaya: kaya, da ayyuka, da jari, da mutane su yi zirga-zirga ba shinge. An bar musu noma da kamun kifi a hannunsu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin Norway da Iceland.

Farashin fa? Duk sabuwar dokar kasuwa da aka zartar a Brussels, sai an shigar da ita cikin yarjejeniyar ta zama doka a Oslo. Ƙwararrunsu suna zama a kwamitocin share fage, suna ba da shawara, amma ranar ƙuri'a ba su da kujera, ko a majalisar ministoci ko a Majalisar Dokokin Turai. Wani kwamitin da gwamnatin Norway ta kafa da kanta ya ba da rahoto a 2012 cewa ƙasar ta ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu na dokokin Tarayyar. Su kansu 'yan ƙasar sun daɗe da yi wa tsarin laƙabi da "dimokuraɗiyyar faks", wato a zauna a gindin na'ura ana jiran a turo doka. Ban da haka akwai kuɗi: a zangon 2014 zuwa 2021 ƙasashen uku sun ware Yuro biliyan 2.8 don tallafa wa ƙasashen Tarayyar masu ƙaramin ƙarfi, kuma kusan duka daga aljihun Norway ya fito.

Za ka ce, to ba su da ikon cewa a'a? A takarda suna da shi. Amma idan suka ƙi wata doka, ana iya dakatar da ɓangaren yarjejeniyar da abin ya shafa. A 2011 gwamnatin Norway ta ce ba za ta karɓi dokar buɗe harkar gidan waya ga 'yan kasuwa ba. A 2013 sabuwar gwamnati ta hau ta janye ƙin. A watan Janairu na 2025 ma gwamnatin haɗin gwiwar ƙasar ta rabu, a kan rigimar karɓar dokokin makamashi na Tarayyar. Ka lura, wannan ƙasa ce da tun 2022 ta zama wadda ta fi kowa sayar wa Tarayyar iskar gas.

Yanzu kwatanta da Malta. Tsibiri ne mai mutum kamar rabin miliyan, wato kashi ɗaya cikin goma na mutanen Norway. Amma da yake tana ciki, tana da kwamishina, tana da 'yan majalisa 6, tana da ƙuri'a, a wasu batutuwa ma tana iya hawa kujerar na-ƙi. Ashe ba ƙanƙanta ce matsalar ba. Matsalar ita ce ka kasance ƙarami kuma a bakin ƙofa.

Suwizalan: an bar jaki ana dukan taiki

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi taɓa mu masu harkar bincike. Mutanen Suwizalan sun ƙi shiga EEA a Disamba 1992 da ƙuri'a kashi 50.3 cikin ɗari. Maimakon haka aka riƙa ƙulla yarjejeniyoyi ɗaya bayan ɗaya, har suka haura 120. Guda bakwai na farko masu muhimmanci, waɗanda suka fara aiki a 2002, an ɗaure su da igiya ɗaya: idan aka soke guda, sauran ma sun faɗi.

A ranar 9 ga Fabrairu 2014, masu zaɓe suka amince, da rinjaye siriri, a taƙaita shigowar baƙi. Saboda haka gwamnati ta kasa sa hannu a kan bai wa 'yan Kuroshiya, sabuwar mamba a lokacin, 'yancin shigowa aiki. Martanin Brussels bai sauka a kan masu agogo ko bankuna ba. Ya sauka a kan ɗalibai da masu bincike: aka dakatar da shigar ƙasar shirin musayar ɗalibai na Erasmus+ da shirin tallafin bincike na Horizon 2020. Ba ta dawo cikakkiyar mamba a Horizon ba sai a Janairu 2017, bayan ta amince da batun Kuroshiya. Erasmus+ kuwa, shekara goma ta wuce ba ta koma ba.

Aka sake maimaitawa. A ranar 26 ga Mayu 2021 gwamnatin Suwizalan ta fice daga tattaunawar wata babbar yarjejeniya da za ta sa ta riƙa ɗaukar sabbin dokokin Tarayyar a kai a kai. Sai aka ajiye ta a waje a sabon shirin Horizon Europe, mai kuɗi Yuro biliyan 95.5 na shekarun 2021 zuwa 2027. Masu bincike a Zurich da Lausanne da Geneva suka rasa damar jagorantar manyan ayyukan haɗin gwiwa, suka rasa damar riƙe tallafin hukumar bincike ta ERC, wanda matashin masanin kimiyya a Turai yake mafarkin samu. Wanda ya riga ya ci gasar sai ya zaɓa: ya kwashe ɗakin gwajinsa ya koma wata ƙasar Tarayyar, ko ya karɓi madadin kuɗin daga gwamnatin ƙasarsa.

Gwamnatin Suwizalan mai kuɗi ce, ta biya madadin. Amma duk wanda ke wannan sana'a ya san ba kuɗin kaɗai ba ne. Gasa da gwanayen nahiya guda, da sunan da cin ta ke jawowa, da abokan aikin da ake samu, ba a sayen su da kuɗin gida. An ɗauki kusan shekara uku da rabi a haka, kafin a kammala sabuwar tattaunawa a Disamba 2024 a sake buɗe ƙofa daga 2025. Shekara uku da rabi fa, kusan tsawon digirin digirgir guda ke nan.

Ga abin da ya sa na ce hujjar "ba a tilasta wa kowa" ba ta tsaya a nan ba. A daidai wannan lokacin, Isra'ila da Turkiyya da Tunisiya suna cikin shirin. An shigar da New Zealand wani ɓangarensa a 2023, Kanada a 2024. Babu ɗayansu da ke cikin Tarayyar. Babu kuma wanda ya ce ingancin kimiyyar Suwizalan ya ragu. Wato dai an mayar da tallafin bincike sandar kora a rigimar da ba ta bincike ba. Shi ya sa a 2022 masana daga sassan Turai suka ƙaddamar da gangamin Stick to Science, suna roƙon a raba kimiyya da wannan taƙaddama, ga Suwizalan da Birtaniya duka. Wannan ba aikin kasuwa ba ne, shawara ce da mutane suka zauna suka yanke.

Masedoniya ta Arewa: tsugune ba ta ƙare ba

Norway da Suwizalan su suka ƙi shiga. To wanda yake son shiga fa? A taron Thessaloniki na 2003 aka yi wa ƙasashen yammacin Balkan alkawarin cewa makomarsu tana cikin Tarayyar. Tun lokacin, baya ga Kuroshiya da ta shiga a 2013, babu wadda ta samu. Mai neman shiga dole ya kwashi dokokin Tarayyar kaf, babi 35, ya zuba a cikin nasa tun kafin a buɗe masa.

Masedoniya, mai mutum kamar miliyan 1.8, ta zama 'yar takara a 2005. Girka ta tare hanya saboda rigimar suna. A 2018 aka yi yarjejeniyar Prespa, a 2019 ƙasar ta sauya sunanta zuwa Masedoniya ta Arewa. Ka yi tunani, ƙasa ta canza sunanta. A Oktoban wannan shekarar Faransa ta hana a fara tattaunawa. A 2020 Bulgeriya ta hau kujerar na-ƙi a kan batun tarihi da harshe, daga baya kuma aka ɗora wa Masedoniya ta Arewa sabon sharaɗin gyara tsarin mulkinta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi tsabtar abinci ko ingancin siminti. Duk wanda ya riga shiga yana riƙe da mabuɗi, yana iya amfani da shi wajen biyan tsohuwar buƙatarsa.

A yi wa ɗaya ɓangaren adalci

Kada ka ɗauka ina cewa Tarayyar azzaluma ce kawai. Tana da hujja mai ƙarfi. Kasuwar bai-ɗaya ba ta yiwuwa sai da doka ɗaya. Idan aka bar maƙwabci ya tsinci abin da ya yi masa daɗi ya bar mai ɗaci, gobe mambobi ma za su nemi haka, taron ya watse. Za su kuma ce wa Norway da Suwizalan: kujera tana nan, ku kuka ƙi zama. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sannan ƙasashen biyu suna cikin mafi arziki a duniya, kuma kasuwar tana daga cikin dalilan. A Norway ma, mafi yawan jama'a suna goyon bayan zama a EEA duk da ƙorafin.

Na yarda da duk wannan. Amma ka lura cewa hujjar ta sauya. Ba "ba mu tilasta wa kowa" ba ce kuma. Ta koma "muna da dalilin matsawa". Wannan magana ce ta ƙarfi da iko, kuma ita ce littafin bai zauna a kanta yadda ya kamata ba. Haka nan hujjar "ku kuka ƙi zama" ba ta hau kan Masedoniya ta Arewa ba, wadda ta shekara ashirin tana sallama a ƙofa.

Tambaya biyu da ake cakuɗawa

Bari in kawo misali daga gida don in fito da abin da nake nufi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun burbushin maganin ƙwari mai suna dichlorvos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya, fiye da iyakar da suka sa ta miligiram 0.01 a kowane kilo. An yi ta tsawaita haramcin bayan nan. A matsayina na wanda ya karanci kimiyya, ba zan kare zuba wannan guba a buhun wake ba. Mu ne ma muka fi cin waken, kuma akwai buhunan ajiya marasa shan iska da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. A nan bayanin Bradford ya yi daidai: muna nesa, muna iya gyarawa mu koma, muna iya neman wata kasuwar.

Sai dai "shin dokar tana da kyau?" tambaya ce daban, "wa ya zauna aka yi ta, kuma wa zai iya cewa a gyara?" ita ma daban. Ta farko ɗakin gwaji yana iya amsa ta. Ta biyu ba ya iyawa. Mu masu kimiyya muna da saurin faɗawa wannan rami: da mun ga ma'auni ya yi daidai da hujja, sai mu ɗauka magana ta ƙare. Alhali ko iyakar miligiram nawa za a sa, akwai zaɓi a ciki na yawan haɗarin da jama'a za su iya ɗauka da kuma wanda zai biya kuɗin kauce masa. Wanda ba ya ɗakin, ba a jin nasa lissafin. Littafin Bradford ya fi karkata ga tambaya ta farko, kuma da yake yawancin dokokin da ta kawo masu amfani ne, mai karatu yakan rufe littafin da jin cewa ta biyun ma an amsa ta.

Hukuncina

Idan ka samu littafin, ka karanta. Babu wani da na sani da ya fi shi bayyana yadda doka ke tsallaka teku a cikin kwalin waya ko kwalbar man shafawa, kuma sharuɗɗan nan biyar kayan aiki ne da za ka daɗe kana amfani da su. Amma ka karanta shi da taswira a gefe. Bayanin yana da ƙarfi idan ƙasa tana nesa kuma tana da girma. Yana raguwa yayin da kake matsowa, har ka iso Oslo da Bern da Skopje, inda abin da ke aiki ba lissafin kamfani ba ne, yarjejeniya ce da sharaɗi da barazanar rufe ƙofa.

Don haka duk lokacin da ka ji an ce wata ƙaramar ƙasa ta "daidaita dokokinta" da na babbar ƙungiyar da ke maƙwabtaka da ita, a Turai ne ko a wani wuri, ka yi tambaya uku. Kashi nawa na kayanta ke tafiya can? Tana da ƙuri'a a inda ake yin dokar? Idan ta ce a'a, me za a ƙwace mata, kuma abin yana da alaƙa da rigimar ko babu? A Suwizalan, amsar ta ukun ita ce tallafin bincike da musayar ɗalibai, har sau biyu cikin shekara bakwai.